Wuƙar keris mai zane a jikin ƙarfe: yadda ake gane ta gaske da kimanta ta

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar manya a kan keris, wuƙar nan ta mutanen Indonesiya da Maleshiya mai zane kamar jijiyar katako a jikin ruwanta. Ana tallar wata: tsawon ruwan santimita 36, lanƙwasa 11, kuben katako mai rigar ƙarfe. Mai sayarwa ya rubuta cewa ta zamanin tsohuwar daular Majapahit ta tsibirin Jawa ce, kuma da dutsen da ya faɗo daga sama aka ƙera ta. Hotuna uku kawai ya sa. Me zan duba, me kuma zan tambaye shi kafin in ba da kuɗi?

Ɗan Maƙera:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar zamani da ta dutsen sama tukuna. Tambayar farko ita ce: zanen nan a cikin ƙarfen yake, ko a kansa aka ɗora shi? In ka san yadda ake ƙirar, kai da kanka za ka iya amsawa.

Sunan zanen pamor, maƙerin kuma empu ake ce masa. Yakan ɗauki baƙin ƙarfe ya naɗe shi gida biyu, ya cusa fallen ƙarfe mai nikel a tsakani, a zuga wutar gawayi har ta kai wajen digiri 1,200 zuwa 1,300, a daka da masaba su haɗe su zama curi ɗaya. Sai a miƙar da curin, a ninke, a sake haɗewa. Duk ninki ɗaya yana ruɓanya hawan farin ƙarfen: 2, 4, 8, 16, ninki shida ya ba ka 64, na bakwai 128. In hawan ya kai yadda ake so, a yanka curin biyu, a sa fallen ƙarfe mai tauri a tsakiya, wanda suke kira slorok, a sake haɗewa. Shi ne ke zama kaifi da tsini. Wuta na cin ƙarfe sosai a wannan aiki, kilo da yawa ake farawa da shi a ƙare da ruwan da bai kai rabin kilo ba.

To ga abin da wannan ƙira take bari a jikin wuƙa. A bakin kaifi, hagu da dama, za ka ga siririn layin baƙin ƙarfe marar zane, faɗinsa milimita kaɗan. Slorok ne ya leƙo. Inda aka sassaƙa rami ko kwari a gindin ruwan, zanen zai nutse ciki yana sauya kama gwargwadon zurfin ramin, domin magagari ya ratsa hawa bayan hawa. Fuskokin ruwan biyu za su yi kama da juna amma ba za su zo daidai layi da layi ba. Sannan ka dubi ganja, wato guntun ƙarfen da ke kwance a gindin ruwan: a gefensa za ka ga hawa-hawan a jere kamar shafukan littafi.

Na jabu kuwa da kakin zuma ko fenti ake zana shi a kan ƙarfe ɗaya, a tsoma a asid ya ci inda ba a rufe ba, wasu yanzu da na'urar leza suke yi. Irin wannan zane yakan bi ta kan rami ya wuce ba tare da ya sauya ba, yakan tsaya cak kafin ya kai ganja, ko ya malala har bakin kaifi babu layin slorok. Wani lokaci ma za ka ga siffa ɗaya tana maimaita kanta kamar zanen atamfa.

Malamin Kimiyya:
Maƙeri ya faɗi gaskiya. Ƙari a kai: nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10 da tocilan, ka haska daga gefe yadda hasken zai kwanta a kan ƙarfen. A pamor na gaske, tsakanin fari da baƙi akwai layin haɗi, wani wuri da 'yan ɗigon kashin maƙera da suka miƙe tare da tsawon ruwan. A na asid, iyakar zanen takan zama 'yar gaɓa mai zaizaye, ƙarfen da ke sama da na ƙasa kuma iri ɗaya ne. Mayen ƙarfe ba zai taimake ka ba a nan, duka biyun yana kama su.

Maganar dutsen sama kuma, tana da tushe amma an wuce da ita gona da iri. Akwai dutsen sama na Prambanan, wanda aka kai fadar sarkin Surakarta a Jawa a ƙarshen ƙarni na 18, har yau ana ajiye da shi a can. Daga jikinsa aka riƙa gutsurowa ana yi wa fada ƙira. Daular Majapahit kuwa an kafa ta a 1293, ta shuɗe a farkon ƙarni na 16. Ka ga wanda ya haɗa maka Majapahit da wannan dutse a wuƙa ɗaya ya haɗa abubuwan da ke da tazarar shekara ɗari biyu da ɗoriya. Akasarin tsofaffin keris da ƙarfen ƙasa aka yi pamor ɗinsu, musamman na Luwu a tsibirin Sulawesi, mai ɗan nikel kaɗan. Daga ƙarshen ƙarni na 19 nikel na masana'antar Turai ya shigo, shi ne ke ba da farin nan mai ƙyalli kamar azurfa.

Ido ba ya iya rarrabe nikel na sama da na ƙasa. Zanen gicciye da ake gani in an yanka dutsen sama aka shafa masa asid, wuta da masaba suna rusa shi tun a ninkin farko. Na'urar auna sinadaran ƙarfe za ta gaya maka akwai nikel da kobal, amma ba za ta rantse maka daga ina suka zo ba, tunda an cakuɗa su da wani ƙarfe. Har ila yau ba duk fari ne nikel ba: ƙarfe mai yawan fosfaras shi ma yakan fito da haske, sai dai nasa toka-toka ne. Kada ka ƙara ko kwabo saboda wannan da'awa sai da takarda mai ƙarfi daga fada ko gidan tarihi.

Dillalin Tsofaffin Kaya:
Malam, Allah ya ƙara sani. Bari in ɗan kare mai sayarwa ta fuska ɗaya: wataƙila ba ƙarya ya shirya ba, kalmar tangguh ya fassara ba daidai ba. Tangguh kintace ne. Masani yakan dubi launin ƙarfe, nauyinsa a hannu, yanayin lanƙwasa, siffar ganja, tsawon wutsiya, sai ya ce wannan ta yi kama da aikin wata tsohuwar daula ko gari na Jawa, Pajajaran, ko Majapahit, ko Tuban, ko Mataram na zamanin Sultan Agung wanda ya yi mulki daga 1613 zuwa 1645. Salo yake faɗa maka, ba ranar ƙira ba. Masana biyu na iya riƙe wuƙa ɗaya su ba da tangguh biyu, kuma ba a yin sa da hoto, sai an riƙe a hannu. Kintacen ya fi ƙarfi a kan na baya-bayan nan, wato aikin Surakarta da Yogyakarta bayan yarjejeniyar Giyanti ta 1755 da ta raba Mataram biyu. Yana nisa baya, yana raunana.

Wadda aka ƙera bayan Indonesiya ta ayyana 'yancin kai a 1945 ana kiranta kamardikan. Ba jabu ba ce. A ƙauyen Aeng Tong-tong na Sumenep a tsibirin Madura ana ƙera keris da yawa har gobe, daga ta 'yan yawon buɗe ido har zuwa mai aikin da zai sa ka riƙe baki. Matsala tana zuwa ne in an ɗauki sabuwa aka tsufar da ita. Sukan jiƙa ta a haɗin gishiri da farar wuta ko asid har fuskarta ta yi kaushi, bakin kaifi ya ciccije. Alamarsa ita ce cin ya zo bai ɗaya daga gindi har tsini. Tsufa na gaskiya ba ya raba daidai: tsini da wuraren da suka fi siranta su ke fara ƙarewa, gindi mai kauri ya rage da jikinsa, ƙananan haƙoran greneng da ke wutsiyar ganja su dakushe. In ka ga jiki ya cinye amma greneng na nan da kaifi kamar jiya aka goga, ko jiki sumul amma kaifi kamar ɓera ya ci, to tsaya.

Ka roƙe shi hotunan nan kafin komai: ruwan gaba ɗaya fuska biyu a kan farin ƙyalle cikin hasken rana ba na fitila ba, tsini yana kallon sama, gindin ruwan daga kusa, fuska biyu, saman ganja, wutsiyar da ke shiga ƙota, wato pesi, bayan an cire ƙotar, bakin kube da wuƙar a ciki. Wanda ya ƙi nuna pesi, akwai abin da yake ɓoyewa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai, Alhaji. Me ake gani a pesi ɗin? Sannan yaya ake ƙirga lanƙwasar, don ni a hoton 10 nake samu.

Baba Dattijo:
Yaro, wannan 10 da ka samu abin lura ne. Lanƙwasar keris, wadda ake kira luk, ba ta zuwa cif-cif, kullum mara ce: 3, 5, 7, 9, 11, 13. Wadda ta haura 13 ana ce mata kalawijan, ta fita daga tsarin da aka saba. Ana fara ƙirga daga lanƙwasar farko da ke saman gandik, wato kaurin nan na gaban gindi, kana bin cikin kowace lanƙwasa hagu da dama har tsini. Ta ƙarshe sau da yawa 'yar karkata ce kawai, mai wuyar gani a hoto. Amma in an riƙe a hannu an ƙirga da kyau har yanzu 10 ce, to tsinin ya ƙare ko ya karye aka sake fiƙe shi, kuma wannan yana rage daraja.

Kowace siffa tana da suna, shi ne dapur, kuma kowane dapur yana da kayan gindinsa da aka ƙayyade. Brojol miƙaƙƙiya ce, kusan babu ado sai ramin babban yatsa, pejetan. Tilam Upih ita ma miƙaƙƙiya ce, an ƙara mata siririn kwari a saman ramin, tikel alis. Jangkung lanƙwasa 3, Pandawa 5, Carubuk 7, Sempana 9, Sabuk Inten 11, Sengkelat 13. In taka Sabuk Inten ce, ya kamata ka ga ƙugiyar nan mai kama da hancin giwa a gandik, wadda ake kira kembang kacang, da tagwayen kwari na sogokan, da greneng. In ƙugiyar ta gutsure, aibi ne, ka sa shi a lissafin farashi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan harka shi ne wuƙar da aka sauya wa halitta. Mai lanƙwasa ta fi miƙaƙƙiya kasuwa, don haka sai a ɗauki tsohuwa miƙaƙƙiya mai faɗi a sassaƙa mata lanƙwasa da magagari. Gane ta ba wuya. A wadda aka lanƙwasa da wuta tun asali, pamor da ƙashin tsakiya suna bin lanƙwasar kamar ruwa a kwazazzabo. A wadda aka sassaƙa, zanen yana tafiya a miƙe, gefen wuƙar ne ke yanka shi, layin slorok ya yi faɗi a cikin lanƙwasa ya tsuke a bayanta, ruwan kuma ya zama siriri fiye da gindinsa. An lalata tsohon aiki ke nan don 'yan kuɗi kaɗan.

Ɗan Maƙera:
Baba ya gama magana a kan luk. Pesi kuwa, a keris ɗin Jawa siririya ce mai zagaye, tsawonta wajen santimita 7 zuwa 9, kaurin kusan na fensir, tana ɗan siranta zuwa ƙarshe. Daga jikin ruwan aka fitar da ita, saboda haka hawa-hawan ƙarfen suna ci gaba a cikinta. Duba ko an yi mata walda a gindi, ko an huda ruwan an dasa wata, ko tsatsa ta cinye ta ta koma kamar allura. Gyaran pesi ba abin kunya ba ne in an faɗa, amma farashi ya sauka.

Ganja ma ka duba ta da kyau. A yawancin keris daban ake ƙera ta, a huda, a zura ta pesi, a matse. Takan ɓata ko ta lalace a sauya wata. In launin ƙarfenta da irin cin da ta yi sun bambanta da na ruwan, ko akwai giɓi a tsakaninsu da haske ke ratsawa, ko an cike da gam, musanye ce. Amma kada ka yi saurin hukunci in ka ga baƙar ganja marar zane a kan ruwa mai zane, akwai wadda da gangan ake yin ta haka, ganja wulung. Akwai kuma ganja iras, wadda ba a raba ta da ruwan ba, layi kawai aka tsaga.

Sai aibobin ƙira. Mafi muni shi ne pegat waja: pamor ya rabu da slorok, ka ga tsaga tana bin bakin kaifi. Dalilinsa wuta ba ta kai ba lokacin haɗi, ko datti ya shiga tsakani, daga baya tsatsa ta bi ta buɗe. Rataye ruwan da zare ka ƙwanƙwasa da farce ko ɗan ƙarfe: lafiyayye yana amsawa da doguwar ƙara, mai tsaga sai ka ji ƙwas. Ɗaga shi sama ka duba kwarin sogokan, in haske na ratsowa, yawan wanke tsatsa da ruwan tsami ya cinye shi har ya huje, shi ake kira randa beser.

Zanen kansa iri biyu ne wajen ƙira, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba. A mlumah hawa-hawan suna kwance daidai da fuskar ruwan. Daga nan ake samun Beras Wutah, wato zubabbiyar shinkafa, wanda ya fi kowane yawa, da Kulit Semangka mai kama da ɓawon kankana. A miring ana juya curin ne hawan su tsaya a tsaye, a murɗa, a yanka, a sake jerawa. Daga nan ake samun Blarak Sineret mai kama da ganyen kwakwa, da Ron Genduru. Miring ya fi cin ƙarfe da gawayi, kuma kowane sabon haɗi wata dama ce ta tsagewa. In ka shafa shi a hankali za ka ji layukan a tsaye ƙarƙashin yatsa. Ni a ganina, duk wuƙar da ta zo da miring mai sarƙaƙiya, cikakke, babu aibi ko ɗaya, fari tas, a ɗauke ta sabuwa har sai an kawo hujjar tsufanta.

Udan Mas, ruwan saman zinari, shi aka fi yi wa coge saboda farin jininsa. Na asali tun curin na da kauri ake dandaƙa masa ramuka sannan a goge fuskar ta daidaita, sai da'irori su fito ɗaya cikin ɗaya, a shafe. Na coge, tsohuwar Beras Wutah ake ɗauka a huhhuda mata ramuka da na'ura; yatsa zai faɗa cikin kowace da'ira.

Malamin Kimiyya:
A kula kada a haɗa wannan da ƙarfen wutz na Indiya da Farisa, wanda ake gani a wasu wuƙaƙen kard da hanjar. Shi ba ninki ba ne. A tukunya ake narka shi curi ɗaya, zanensa kuma daga ƙwayoyin kabon da suka jeru a cikin ƙarfen yake fitowa, siriri ƙwarai, babu layin haɗi. Sannan wuƙaƙen da ke cika kasuwar intanet da sunan Damaskas, akasari ƙarfen masana'anta biyu ne aka ninke, irin 1084 ko 1095 da 15N20 mai nikel kusan kashi 2 cikin ɗari. Ninkin gaske ne, amma aikin jiya ne.

Hajiya Mai Adana Kayan Tarihi:
Sannunku da ƙoƙari. Tunda an gama da ruwa, bari in taɓa tufafin. Abu na farko, ƙanena, kada sabon kube ya tsorata ka, kada kuma tsohon kube ya ruɗe ka. A Jawa ruwan ne keris, kube da ƙota riga ce da ake sauyawa in ta tsufa ko wuƙar ta koma wani gari. Mun san irin wannan a takubbanmu: da yawa ruwan daga Turai ya zo, irin na Solingen, ƙota da kube kuwa aikin gida ne da aka sabunta ba sau ɗaya ba. Kowanne ana kimanta shi da kansa.

Kube kashi uku ne: warangka, faffaɗan saman, gandar, doguwar jikin, pendok, rigar ƙarfen. A Surakarta ladrang mai kama da jirgin ruwa na taron girma ne, gayaman mai dunƙulallen kai na yau da kullum; a Yogyakarta takwaran ladrang shi ne branggah. In don wannan wuƙa aka sassaƙa kuben, ganja za ta zauna daidai da bakinsa, ba giɓi, ba girgiza. In ka ga an cike gefe da garin katako da gam, aron kube aka yi. Katakon timoho ana son sa saboda baƙaƙen tabonsa, shi ya sa ake zana tabon da tawada ko a ƙona. Leƙa cikin bakin kuben, tabon gaske yana ratsawa har ciki. Pendok kuma duba ko azurfa ce ko tagulla aka shafa wa ruwan azurfa, wurin da hannu ke gogawa zai nuna rawaya.

Tufafin na nuna gari. Ruwan Bali ya fi na Jawa tsawo, yakan haura santimita 40, kuma a goge yake sumul. Na Bugis, mutanen Sulawesi, gajere ne mai faɗi da kauri, ƙotarsa a lanƙwashe kamar ta ƙaramar bindiga. Ƙotar Jawa demam ta ƙasar Malayu ce da Sumatra, tajong mai dogon baki ta Pattani a kudancin Tailan da Kelantan a Maleshiya. Santimita 36 da ka faɗa ya dace da Jawa. In ka ga ruwan Jawa, ƙotar Madura, kuben Bugis, mai yiwuwa a shago aka aurar da su.

In ƙotar fara ce, a nan ake shiga matsala. Hauren giwa yana da layukan da ke gicciye juna kamar raga a inda aka yanka shi a kwance; ƙashi yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe na hanyar jini; roba takan nuna layin mazubi ko kumfar iska. Kada a yi gwajin allura mai zafi, tabo yake bari har abada. Cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe an hana shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji tun shawarar 1989, Ingila kuma dokarta ta 2018 ta fara aiki a 2022. Kwastan na iya ƙwace wuƙar gaba ɗaya saboda ƙota. Mafi sauƙi ka ce a cire ta a sa ta katako. Indonesiya ma tana da doka mai lamba 11 ta 2010 a kan kayan tarihi, wadda ta hana fitar da abin da aka ayyana kayan gado sai da izini. Wato in da gaske ta Majapahit ce, tambaya ta gaba ita ce ta yaya ta fito.

Dillalin Tsofaffin Kaya:
Hajiya ta taɓo inda kuɗi yake: takarda. Rasit na gidan gwanjo, tsohuwar lambar ajiya, hoton da ke nuna wuƙar a hannun wani gida shekaru da yawa baya, waɗannan sun fi kowace satifiket mai hatimi da mai shago ya buga da kansa. Keris ɗin da suka shiga taskokin sarakunan Turai a ƙarni na 17, irin na Dresden da Biyana da Kopenhagen, har yau cike suke da jikinsu, sumul, don ba a yi musu wankin shekara-shekara ba. Saboda haka kaushi ba shi ne tsufa ba. Mutanen Jawa na taƙaita ma'auninsu da kalma uku, tangguh, utuh, sepuh: salon zamani, cikar jiki, tsufa. Ga sabon shiga ni utuh nake sa wa gaba, sai kyan aiki, domin su ne idonka zai iya tabbatarwa. Kalli hotunan kayan gidan tarihin keris na Surakarta da aka buɗe a 2017 da na gidajen tarihin Holan, ka saba da yadda gindi mai kyau yake.

Baba Dattijo:
Wata magana da ba a yi ba. Za a ce maka wannan wuƙa tana kawo arziki, waccan tana da mai tsaronta a ciki, a ɗora kuɗi a kai. Al'adarsu ce mai tsawon tarihi, har UNESCO ta sanya keris cikin gadon ɗan Adam a 2005, kuma sanin ma'anar da suke ba kowane pamor yana cikin ilimin abin. Amma mu dai ƙira muke saye da tarihi. Arziki na Allah ne, kada a sayar maka da labari a farashin ƙarfe.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri, Baba. A hoton akwai jar tsatsa kusa da ganja, zanen kuma ya dushe. In na saya, in wanke ta?

Ɗan Maƙera:
In tsatsar kaɗan ce, mai kawai: ɗiga man keken ɗinki, bar shi kwana biyu, goge da buroshin haƙori, cire ta cikin rami da tsinken sakace. Ban da sanfefa, ban da buroshin waya, ban da injin gogewa. In ta yi yawa sai jiƙo. Cire ƙota tukuna: naɗe ruwan da tsumma mai kauri, murɗa ƙotar a hankali hagu da dama. Da zare ko ƙyalle ake matse ta, wani lokaci da ƙaro. In ta ƙi, ɗumama gindin ruwan da na'urar busar da gashi daidai yadda hannu zai iya jurewa, bar shi ya huce, maimaita, ko da zai ɗauki kwanaki. Ƙarfi shi ke karya pesi ko ya tsaga ƙota. Wanke maiƙo da sabulun kwanuka, tsoma ruwan a bututun roba cike da ruwan abarba ko ruwan kwakwa, kullum ka fitar ka goge ka mayar, daga kwana uku har zuwa mako biyu gwargwadon tsatsar. Ɗauraye, shafa kwaɓin bekin soda na minti biyar don ya kashe tsamin, sake ɗaurayewa, busar sarai, sa mai nan take. Jinkirin rabin awa ya isa sabuwar tsatsa ta fito.

Hajiya Mai Adana Kayan Tarihi:
Maƙeri, a nan ina da ja. Jiƙon nan yana cire baƙin launin gaba ɗaya, wuƙar ta fito fara fat, zanen ya kusa ɓacewa. Abin da ke dawo da shi shi ne warangan, haɗin arsenik da ruwan lemon tsami, wanda ke baƙanta ƙarfe ya bar nikel da haskensa. Da shi ake wankin watan Suro, wato Muharram, a Jawa. Arsenik guba ce, ƙasa da giram ɗaya na kashe babban mutum, bai kamata ya shiga gidan da ke da yara ba. Saboda haka in wuƙar na buƙatar wanki, a sa ƙwararre ya yi mata a can kafin a aiko. Kuma duk wanki yana cin ƙarfe. Ruwan Bali mai sulɓi ba a jiƙa shi, mai adon zinari ma haka, don in tsatsar da ke ƙarƙashin zinarin ta narke sai ya ɓamɓare.

Ɗan Maƙera:
Na karɓa, Hajiya, musamman a kan mai zinari. Sai dai jar tsatsa mai rai ba a barinta, ci take yi kullum. In babu mai warangan, sinadarin ferik kulorayid kashi ɗaya a ruwa kashi huɗu, shafawar daƙiƙa kaɗan sannan soda, yana fito da zanen, amma launin toka yake bayarwa, masana na gane shi da kallo ɗaya. A gwada a kan mai araha.

Hajiya Mai Adana Kayan Tarihi:
To mun haɗu a nan. Ajiya kuma, yanayinmu ba irin nasu ba ne. Da hunturu danshin iska a Kano ko Damagaram yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, katakon da aka sassaƙa a ƙasa mai laima sai ya tsuke ya tsage, bakin kube ya kama ganja gam. Da damina kuma tsatsa. A nemi akwati mai rufi a riƙe danshi wajen kashi 45 zuwa 50, da ɗan ma'auni a ciki. In kube ya fara matsewa, a zare wuƙar a ajiye su daban, kada a tura da ƙarfi. Mai kuwa na keken ɗinki ko farin man farafin na kemis, a ɗiga masa man sandal kaɗan in ana son ƙamshi. Man gyaɗa da manja da man kwakwa suna daskarewa su yi tsami. Shafa siriri da ɗan buroshi duk wata uku, a zura ruwan a siririyar leda kafin a mayar kube don kada mai ya ɓata katakon. Kada a taɓa ruwan da yatsa, gumi na barin hoton yatsa a ƙarfe cikin kwana biyu.

Dillalin Tsofaffin Kaya:
Ƙanena, in ya turo hotunan ka sa su a nan. Ce masa ya ajiye rula a gefen pesi da gefen ganja, ya kuma auna nauyin ruwan shi kaɗai ba ƙota, a giram.